Zaren Da Ya Fi Gashi Siranta: Ko Zai Iya Kama Iskar Da Ke Rikita Damina?

Kogin Jama'are, wanda a can sama ake kira Bunga, yana tasowa ne daga tsaunukan Jos, ya gangaro arewa maso gabas ya ratsa ƙasar Jama'are da ta Katagum, sa'an nan ya je ya haɗu da Kogin Haɗejiya a wajejen Gashuwa, su zarce tare har Tafkin Cadi. Tun kaka da kakanni manoman fadama sun san lokacin zuwansa, sun kuma san inda yake tsayawa, da shi suke lissafin shinkafarsu da kamun kifinsu. Amma a 'yan shekarun nan lissafin ya soma ƙin fita. A daminar shekarar 2022 ambaliya ta hallaka mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Ƙananan Hukumomin Zaki da Gamawa suna cikin waɗanda suka ɗanɗana. A daminar 2024 kuwa ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, matafiya suka yi cirko-cirko.

Wata ƙungiyar masana yanayi ta ƙasashen duniya da ta bincika ruwan saman da aka yi a yankin Tafkin Cadi a 2022 ta ce ɗumamar duniya ta riɓanya yiwuwar samun damina mai nauyi irin wannan har kimanin sau 80. Babban abin da ke ɗumama duniyar kuwa wata iska ce marar launi, marar wari, wadda masana kimiyya ke kira kabon dayoksaid, watau iskar kabon. Ita ce mutum ke fitarwa in ya numfasa, ita ce kuma ke tashi duk inda aka ƙona itace ko gawayi ko kwal ko fetur. Kafin zamanin masana'antu, cikin kowane kashi miliyan na iskar da ake shaƙa akwai kashi 280 nata. A 1958, lokacin da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawayi, ta kai kusan 315. Yanzu ta haura 420. Aikinta shi ne tare zafin da ya kamata ya fice daga ƙasa ya koma sararin sama, ita kuwa iska mai ɗumi ta fi ɗaukar danshi, shi ya sa in ta tashi saukewa takan sauke da yawa a lokaci guda.

Saboda haka ne masana suka duƙufa neman abin da zai kama wannan iska tun kafin ta baje. Cikin abubuwan da suke gwadawa har da wani irin zare da ake kaɗawa daga tsatsar ƙarfe, wanda ya fi gashin kan mutum siranta sau ɗaruruwa. Jin haka mutum zai ɗauka wani sabon sihiri ne na Turawa. Alhali kuwa tushen al'amarin yana nan cikin sana'ar da kowane mai shafen farar ƙasa a Azare ya sani.

Numfashin dutse

A wurin masana, kalmar ƙarfe ba ta tsaya ga wanda maƙeri ke yin fartanya da shi ba. Kuza ƙarfe ce, haka tagulla da alminiyam, haka kuma wasu da ba a ganinsu tsurarsu sai a ɗakin gwaji, kamar kalsiyam da magniziyam da titaniyam. Duk lokacin da ɗayansu ya haɗu da iskar oksijin, sai a sami abin da ake kira oksaid, wanda jar tsatsar da ke cin kwanon rufi ɗaya ce kawai daga cikin danginsa. Ƙonanniyar farar ƙasa ma tsatsa ce, ta ƙarfen kalsiyam, ko da yake fara ce fat.

Wanda ya fara gano dangantakar waɗannan abubuwa da iskar kabon wani likita ne ɗan ƙasar Sikotlan, Joseph Black, a tsakanin 1754 da 1756. Ya auna farin garin magnisiya da alli, ya ƙona su, ya sake aunawa, sai ya tarar nauyinsu ya ragu ƙwarai. Ya gane cewa wata iska ce da ke ɗaure cikin dutsen ta fita, kuma in aka bar ƙonannen a sarari zai sake jawo ta ya koma yadda yake. Lissafin a yau sananne ne: in aka gasa kilo 100 na dutsen farar ƙasa mai tsabta a zafin digiri 900, za a sami kilo 56 na ƙonanniya, kilo 44 kuwa su tashi sama. In aka juya lissafin, kilo ɗaya na ƙonanniyar farar ƙasa yana iya haɗiye kusan giram 790 na iskar kabon. Abin da ke sa farar ƙasar da aka shafa a bango ta yi ƙarfi bayan kwanaki ke nan, domin ba bushewa kaɗai take yi ba, iska take sha tana komawa dutse. Ɗaliban sakandare ma sun san gwajin nan da ake hura numfashi cikin tatacciyar ruwan farar ƙasa, nan take ya yi fari kamar an ɗiga nono.

Dalilin wannan shaƙuwa kuwa uwargida ta riga malamin kimiyya saninsa. In miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa ko ruwan toka ake sa mata, tsamin ya mutu. To, iskar kabon tana cikin jinsin masu tsami, tsatsar kalsiyam da ta magniziyam kuma suna cikin jinsin kanwa. A fuskar kowace ƙwayar farar ƙasa akwai ƙwayoyin oksijin masu rarar caji, shi kuwa kabon da ke tsakiyar iskar yana da ƙarancinsa, da sun haɗu sai su riƙe juna, a sami kabonet, watau ainihin dutsen da aka fara da shi.

Wannan numfashi na dutse ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masana'antar siminti ta Ashaka, kusa da Bajoga, wadda ta fara aiki a 1979 tana cikin Jihar Bauci kafin a yanke Jihar Gombe a 1996, aikinta ke nan dare da rana: gasa dutsen farar ƙasa. Haka Kalambaina a Sakkwato, haka Obajana a Kogi. A matsakaicin lissafin duniya, kowane buhun siminti mai kilo 50 ya bar wajen kilo 30 na iskar kabon a sama kafin ya iso kasuwa, fiye da rabinta kuma daga dutsen kansa ta fito, ba daga makamashin da aka ƙona ba. Ma'ana, ko da da hasken rana za a hura murhun, wannan kaso ba zai gushe ba. Siminti shi kaɗai yana da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa. Kuma abin ban takaici, kowane gidan ƙasa da ambaliya ta rushe a Zaki, da bulo mai shi ke burin sake gina shi.

Inda gizo ke saƙar

A 1999 waɗansu masana na Japan, ƙarƙashin Shimizu, suka kawo shawarar a juya wannan al'amari ya zama tarko. A bi da hayaƙin masana'anta ta cikin ƙonanniyar farar ƙasa a zafin digiri 650, ta haɗiye iskar kabon, sa'an nan a kai ta wani murhun mai digiri 900 ta amayar da ita zalla, a tara a binne cikin ƙarƙashin ƙasa ko a yi wani amfani da ita, farar ƙasar kuma a komo da ita ta sake. An gwada wannan a tashar lantarki ta La Pereda a Sifen daga 2012, an kuma gwada a wata masana'antar siminti a Vernasca ta Italiya daga 2020.

Matsala biyu ce ta tare hanya, kuma saboda su ne aka koma ga zare.

Ta farko ita ce ɓawo. In iskar ta taɓa ƙwayar farar ƙasa, bayanta take fara ci, kuma kabonet ɗin da ke samuwa ya fi ainihin farar ƙasar cin wuri fiye da ninki biyu. Nan da nan sai ya toshe ƙofofin da iska ke bi, ya lulluɓe ƙwayar. Masana a Sifen sun auna, sun tarar da zarar kaurin wannan ɓawo ya kai wajen nanomita 50, sai haɗiya ta koma tafiyar hawainiya. Nanomita ɗaya kuwa shi ne in aka raba milimita gida miliyan aka ɗauki ɗaya. Gashin kan mutum yana da kaurin nanomita 70,000 ko sama. Kamar dai a jefa ƙaton rogo cikin wuta mai ƙarfi ne, baya ya ƙone ƙurmus, ciki yana nan ɗanye.

Ta biyu ita ce curewa. Mai ginin tukwane ya san abin da wuta ke yi wa yumɓu: takan sa ƙwayoyinsa su manne da juna, ramuka su rufe, tukunya ta yi ƙwari. Abin da ake so ga tukunya shi ne abin gudu ga tarkon iska. Kowane zagaye cikin murhu yana ƙara cure farar ƙasar, har bayan zagaye ɗaruruwa ta koma ba ta iya ɗaukar ko kashi 10 cikin ɗari na abin da lissafi ya ce.

Tun a 1974 wani masani mai suna Barker ya nuna mafita. Ya yi amfani da gari mai laushin gaske, wanda ƙwayarsa ba ta wuce nanomita 10 ba, sai ya ga fiye da kashi 90 cikin ɗari na garin yana aiki, zagaye bayan zagaye, domin ƙwayar ta fi ɓawon ƙanƙanta, babu wani ciki da za a bari ɗanye. Sai dai gari irin wannan ba ya riƙuwa. Iska kaɗan ta kwashe shi, in kuma aka danne shi ya dunƙule ya hana hayaƙi wucewa. Abin da ake bukata shi ne wani abu mai siranta kamar wannan gari amma mai tsawon da zai sarƙe da 'yan'uwansa ya zauna wuri ɗaya, ya kuma bar ƙofofi. Siffar zare ke nan.

Kaɗi da lantarki

Tsofaffin matan ƙasar Hausa da suka yi kaɗi da mazari sun san yadda ake jan auduga ta zama abawa ko arafiya. A ɗakin gwaji ba yatsa ke ja ba, wutar lantarki ce. Akan narkar da gishirin ƙarfen da ake so, a gauraya shi da wata roba mai narkewa har ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, a zuba cikin sirinji. Sai a haɗa bakin allurar da lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 zuwa 30,000, a ajiye farantin ƙarfe a gabanta da tazarar kamar taƙi ɗaya. Ɗigon da ke bakin allurar sai ya yi tsini, wani siririn zare ya fita daga tsinin yana wutsil-wutsil cikin iska, yana miƙewa yana bushewa, har ya sauka kan farantin ya taru kamar yanar gizo-gizo. Daga nan sai a sa wannan tabarma cikin murhu mai digiri 500 zuwa 800. Robar ta ƙone ta tafi, ƙarfen ya sha oksijin, abin da ya rage shi ne zare na tsatsar ƙarfe zalla, mai kaurin nanomita 100 zuwa 500, wanda in aka duba shi da madubin ƙara girma za a ga ƙananan ƙwayoyi ne jere kamar tsakiyar wuya, da ramuka a tsakaninsu inda robar ta fita. Waɗansu ma akan yi su da rami a tsakiya kamar karan sigari, iska ta shiga ta ciki da waje.

Dabarar ta daɗe. Anton Formhals ya yi mata rajista a 1934 don kaɗin zaren tufafi, aka yi watsi da ita shekaru masu yawa, sai Darrell Reneker na Jami'ar Akron a Amurka ya farfaɗo da ita bayan 1990. A 2003 Dan Li da Younan Xia suka nuna yadda za a kaɗa zaren tsatsar titaniyam, daga nan ƙofa ta buɗe, aka bi sauran ƙarafa ɗaya bayan ɗaya.

Ribar zare ba ta tsaya ga siranta ba. Tun da a ruwa ake dama kayan haɗin, ana iya zuba ƙarfe biyu ko uku tare su cakuɗu sosai. In aka sa ɗan alminiyam ko zirkoniyam cikin kalsiyam, sai tsatsarsu, wadda wuta ba ta cika motsa ta ba, ta zauna tsakanin ƙwayoyin farar ƙasar kamar katanga, ta rage curewa. Tsatsar magniziyam kuma, wadda a lissafi ta fi farar ƙasa ci, domin kilo ɗaya nata zai iya ɗaukar fiye da kilo ɗaya na iska, a zahiri ragguwa ce ƙwarai in tana dunƙule. Sai an sirantar da ita, an kuma shafa mata narkakken gishirin naitiret, take farkawa. Amfaninta shi ne tana aiki a wajen digiri 300, ba ta cin makamashi kamar farar ƙasa. An kuma lura cewa ba duk fuskar ƙwaya ke kamu daidai ba. Gefe da kusurwa da wuraren da ginin ƙwayar ya sami giɓi sun fi kama iska, zare kuwa cike yake da irin waɗannan.

Akwai wani rukunin tsatsa da ba haɗiye iskar yake yi ba, lanƙwasa ta yake yi. Ƙwayar iskar kabon miƙaƙƙiya ce samɓal, kabon a tsakiya, oksijin biyu a gefe, kuma wannan miƙewa ce ta sa take da taurin kai, ba ta son shiga wani haɗi. A fuskar tsatsar titaniyam ko ta seriyam ko ta indiyam akan sami gurabun da ƙwayar oksijin ta fice. In iskar ta zo, sai ɗaya daga cikin oksijin nata ya faɗa gurbin, ta tanƙware, ƙarfinta ya ragu, a sami damar haɗa ta da haidurojin ta zama metanol ko iskar gas ta girki. Tun a 1979 Inoue da Fujishima da Honda da abokin aikinsu suka nuna a Japan cewa haske kaɗai, in ya sauka kan tsatsar titaniyam cikin ruwa, yana iya fara wannan aiki, kamar yadda ganyen bishiya ke yi. Shekaru fiye da arba'in bayan haka abin da ake samu ta hanyar haske bai taka kara ya karya ba, kuma duk mai cewa an kusa yin man mota daga iska da rana a farashin kasuwa ya yi gaggawa.

Allura da rijiya

A nan ne ya kamata mai karatu ya riƙe alƙalami. Allura guda ta kaɗi ba kasafai take ba da fiye da giram ɗaya na zare a awa ba. Don a kama tan ɗaya na iskar kabon a zagaye guda ana bukatar kusan tan ɗaya da kwata na ƙonanniyar farar ƙasa. Tan ɗaya giram miliyan ne, awa miliyan kuwa shekara 114 ce. Duniya kuma tana fitar da wajen tan biliyan 37 a shekara daga man fetur da kwal da gas da siminti. Gaskiya ne an ƙera injuna marasa allura masu fitar da zare dubbai a lokaci guda, kamar Nanospider na garin Liberec a Jamhuriyar Cek, amma har yanzu tazarar da ke tsakanin ɗakin gwaji da bututun hayaƙi tana da nisa. Dutsen farar ƙasa kuwa arha ne kamar ƙasa. Shi ya sa kamfanin Heirloom, da ya buɗe wurin tsotse iskar kabon daga sarari a garin Tracy na Kalifoniya a 2023, bai nemi wani zare ba, garin farar ƙasa ya shimfiɗa a faifai, kuma duk da haka tan 1,000 kacal aka tsara wurin ya kama a shekara. Masana'antar siminti ta Brevik a Norwe, wadda ta fara kama hayaƙinta a 2025 da niyyar tan 400,000 a shekara, ita ma da wani ruwan magani take yi.

Ga kuma rauni. Zaren tsatsa yana da saurin karyewa, kuma ƙurar zare mai siranta irin wannan abar tsoro ce ga huhu. Duniya ba ta manta da asbestos ba, wanda aka yi ta rufin gidaje da shi kafin a gane yana kawo ciwon daji.

Saboda haka inda ake sa ran zaren zai fara amfani shi ne inda kaɗan ke isa: cikin tukwanen da ake mayar da iskar kabon wani abu, inda shi mai tunzura haɗin ne kawai ba ya ƙarewa, da matatai masu raba iska, da ƙananan na'urorin sansano iska, waɗanda in iskar ta sauka kan zaren sai gudun lantarki a cikinsa ya canja. Wannan na ƙarshe yana da ma'ana ga 'yan kasuwar hatsi. Ƙwari da fumfuna suna numfashi cikin rumbu, kuma hauhawar iskar kabon a ma'ajiya takan tona asirin ɓarna tun ido bai gani ba. Manoman wake da ke amfani da buhun nan mai leda biyu a ciki sun riga sun ci moriyar wannan ilmi, domin ƙwarin da kansu suke shanye oksijin ɗin buhun, su cika shi da iskar kabon, su mutu.

Rabon Nijeriya cikin laifin ɗumamar duniya ƙarami ne. Ɗan Nijeriya ɗaya yana fitar da wajen rabin tan a shekara, Ba'amurke kuwa wajen tan 14, nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari ba. Duk da haka Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa kafin 2060 ƙasar nan za ta daidaita abin da take fitarwa da abin da take kamawa, aka kuma sa hannu kan Dokar Sauyin Yanayi a wannan shekarar. Ƙasar da ke gina gidaje da hanyoyi kamar Nijeriya ba za ta daina gasa dutse ba, don haka wannan alkawari dole wata rana ya biyo ta bakin bututun Ashaka da Kalambaina da Obajana. A can ne ma kamun ya fi sauƙi, domin a hayaƙin murhun siminti iskar kabon takan kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari, a sarari kuwa ƙwaya ɗaya ce cikin kowace 2,400.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Akwai dutsen farar ƙasa a kwarin Gongola, akwai farar laka mai alminiyam a Alkaleri, akwai baƙin yashi mai titaniyam cikin tarkacen haƙar kuza a Jos, inda Kogin Jama'are ya samo asali. Ƙasar Katagum da Jama'are kuma yanzu tana da Jami'ar Jiha a Gaɗau, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh a Azare, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Jama'are. Injin kaɗin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne: sirinji, da famfo mai tura shi a hankali, da akwatin ƙara ƙarfin lantarki, da faranti, da murhu. Abin da ya fi tsada shi ne madubin lantarki da ake duba zaren da shi, da ma'aunin da ke auna nauyin ɗan gari yana cikin wuta, da wutar lantarkin da ba za ta ɗauke ba tsawon kwanakin da gwajin zagaye ɗari ke ci.